Talabijin Ta Ƙi Kamawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lalacewar Kafasita

Mene ne aikin kafasita, kuma me ke kashe ta?

Kafasita, wadda masu gyara da yawa ke kira kwandansa, tana tara wutar lantarki ne ta riƙa sakinta daidai wa daida, domin wutar da ke isa sauran sassan talabijin ta daina hawa da sauka. Waɗanda suka fi lalacewa su ne masu siffar ƙaramin gwangwani da ke kan allon wuta, saboda a cikinsu akwai ruwan sinadari da zafi ke busarwa sannu a hankali. A jikinsu ana rubuta 85°C ko 105°C, wato iyakar zafin da aka ƙera su su jure, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana cinye rabin tsawon ransu. Don haka talabijin da aka manna da bango, ƙurar hunturu ta toshe mata kafofin iska, sannan zafin bazara ya riske ta, kafasitocinta ba za su yi ƙarko ba.

Ta yaya za a gane cewa ita ce matsalar?

Alamar da ta fi bayyana ita ce jinkirin kamawa. Mai talabijin ya danna maɓalli, ƙaramar fitilar gaba ta yi ta ƙiftawa, a ji ƙas-ƙas daga ciki, sai bayan minti biyu ko biyar hoto ya fito, kuma jiran yana ƙara tsawo har ranar da za ta ƙi kamawa gaba ɗaya. Dalili shi ne, kafasitar da ta tsufa tana ɗan farfaɗowa idan ta ɗumama.

Idan aka buɗe bayan talabijin, lafiyayyar kafasita samanta a shimfiɗe yake. Wadda ta mutu takan kumbura daidai inda aka tsaga mata alamar X ko K, wani lokaci har a ga wani abu mai ruwan ƙasa ya tsattsafo ya bushe. Sai dai ido kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne masu gyara da dama ke yin asarar lokaci, domin kafasita tana iya bushewa ba tare da ta kumbura ba. Mitar ESR, wadda ke auna turjiyar cikinta, ita ce ke tona asirinta, ko da mita ta yau da kullum ta nuna ƙarfinta bai ragu sosai ba.

Akwai haɗari bayan an cire soket?

Ƙwarai kuwa. Babbar kafasitar da aka rubuta wa 400V ko 450V tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an raba talabijin da wuta. Dole a sauke wannan cajin ta hanyar rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki), a auna da mita a tabbatar, kafin hannu ya taɓa allon. Haɗa ƙafafunta da sukundireba ganganci ne. Wanda bai koyi wannan aiki ba, ya kai wa mai gyara.

Da wace iri za a maye gurbinta?

Adadin maikrofarad (µF), ma'aunin yawan wutar da kafasita ke iya tarawa, ya zama ɗaya, wato 1000µF a madadin 1000µF. Bolt kuwa ya yi daidai ko ya ɗara, ana iya sa mai 25V a gurbin mai 16V, amma ba a yin akasin haka. A zaɓi mai 105°C da ƙarancin ESR, daga kamfanoni irin su Nichicon, Rubycon ko Panasonic, tare da lura da jabu a kasuwa. Zanen da ke gefenta yana nuna ƙafar negatib, kuma idan aka liƙa ta a juye tana iya fashewa. A ganina, idan ɗaya ta kumbura, gara a canza maƙwabtanta na layi ɗaya a lokaci guda, tunda zafi ɗaya suka sha tare.