Wai zamanin rediyo ya wuce?

Tun da talabijin ya shigo ake cewa kwanan rediyo ya ƙare. Da intanet ya zo, sai maganar ta ƙara ƙarfi, musamman a kan ƙananan tashoshi masu zaman kansu: wai ba su da abin yi sai kiɗa da gaishe-gaishe.

Masu faɗin haka ba su duba yadda abin yake aiki ba. Intanet yana buƙatar data da caji, kuma idan jama'a suka yi yawa layi yakan cushe. Rediyo kuwa na'ura ɗaya ce ke watsawa, ko mutum goma ne ke saurare ko miliyan, duk ɗaya ne. Ƙaramin akwati mai batir ya wadatar, ba sai mutum ya iya karatu ba. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, tashar Signal FM ba ta daina aiki ba, jama'a suka riƙa zuwa suna cigiyar 'yan'uwansu.

Sannan babbar kafar yaɗa labarai ba ruwanta da gadar da ta karye a ƙauye. Tashar gari ce za ta yi maganar da harshen mutanen wurin, kuma tun da ba gwamnati ke biyan albashinta ba, tana iya gayyatar jami'i ya amsa tambayoyin masu kira kai tsaye.

Barazanar gaske ita ce kuɗi. Talla ta karkata zuwa intanet, tashar da ta rasa abin biyan ma'aikata kuwa tana da sauƙin faɗawa hannun 'yan siyasa.