Dokar Git kan ƙarshen layi: .gitattributes ne ke da ta cewa

Kowane layi a cikin fayil yana ƙarewa da alamar da ido ba ya gani. A Linux da macOS bayit ɗaya ne, LF, mai lamba 10. A Windows biyu ne: CR mai lamba 13, sannan LF, wato CRLF. Shi kuwa Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, bayit yake dubawa. Idan wani ya buɗe fayil mai layi 400 a Windows, manhajarsa ta mayar da shi CRLF, sai `git diff` ya ce duk layukan an canza su, alhali ko waƙafi ba a taɓa ba. Rubutun bash mai CRLF kuma ba ya tashi a Linux, domin na'urar za ta shiga neman `/bin/bash^M`, abin da babu shi.

Ainihin dokar gajeriya ce: duk fayil ɗin da Git ya ɗauka rubutu ne, da LF yake shiga ma'ajiya. Ana zaɓi ne kawai kan kamannin da zai fito da shi a kwamfutarka.

Wa ke yanke hukunci? Da farko Git yana duba `.gitattributes`, fayil ɗin da ake rubuta dokokin fayilolin aikin a cikinsa. Idan an sa wa fayil `text`, ana gyara masa ƙarshen layi ko da yaushe. Idan `-text` ne, ba a taɓa shi. Idan `text=auto` ne, Git zai leƙa cikinsa ya tantance da kansa. `eol=lf` ko `eol=crlf` shi ke faɗin yadda fayil zai fito, kuma yana danne duk wani saitin kwamfuta. Idan akwai `text` babu `eol`, saitin kwamfuta, `core.autocrlf` ko `core.eol`, ke zaɓar yadda fayil zai fito; idan aka rasa duka biyun, `core.autocrlf` ke da bakin magana: `true` ya shigar da LF ya fitar da CRLF, `input` ya gyara wajen shiga kaɗai, `false` ya bar komai yadda yake. `core.eol` na can ƙarshen sahu, ba a kula shi muddin `core.autocrlf` na kan `true` ko `input`. Idan layuka biyu a `.gitattributes` suka shafi fayil ɗaya, na ƙasa ne ke rinjaye.

Dogaro da `core.autocrlf` ganganci ne, domin a kwamfutar mutum yake zaune, ba ya bin ma'ajiya. `.gitattributes` kuwa ana yi masa commit, wato a ajiye shi cikin tarihin ma'ajiya, kowa ya ɗauko aikin ya ɗauko dokar.

Tantancewar `auto` ba canki-canka ba ce, ƙirga ce, kuma tana cikin fayil ɗin `convert.c` na Git. Fayil ya fita daga sahun rubutu idan aka sami bayit mai lamba sifili a cikinsa, ko CR da babu LF a bayansa, ko kuma bayit marasa bugawa suka zarce kashi ɗaya cikin 128 na masu bugawa. Haruffa masu lanƙwasa irin ɓ, ɗ da ƙ ba sa jawo matsala a UTF-8. Amma fayil ɗin da aka ajiye da UTF-16 cike yake da sifili, don haka Git ba zai gyara masa komai ba sai an sa masa `working-tree-encoding`.

A da, hanyoyin `auto` biyu ne, kowace da halinta. `core.autocrlf` yana ƙyale fayil ɗin da tun asali aka ajiye da CRLF, `text=auto` kuma yana gyara shi. Mafi muni, wanda ya rubuta `* text=auto eol=crlf` sai Git ya manta da `auto` ɗin, ya ɗauki kowane fayil rubutu. Hoton PNG na da CR da LF a cikin bayit takwas na farkonsa, da zarar an taɓa su hoton ya lalace. A Git 2.10, a 2016, aka haɗe hanyoyin. Yanzu ana tattara `text`, `eol`, tsohuwar alamar `crlf` da saitin kwamfuta, a fitar da hukunci ɗaya tak ga kowane fayil, kamar `CRLF_BINARY` ko `CRLF_AUTO_CRLF`, sauran lambar shirin kuma hukuncin nan kaɗai take tambaya.

Sai dai haɗewar ta zo da wani abu da ke rikita mutane: sa `text=auto` yau ba ya gyara fayilolin da suka riga suka shiga da CRLF. Kai za ka gyara su. Fara da `git ls-files --eol`. Duk inda ka ga `i/crlf` ko `i/mixed`, a nan aikin yake. Rubuta `* text=auto` a saman `.gitattributes`, a ƙasansa `*.sh text eol=lf`, `*.bat text eol=crlf` da `*.png binary`. Sannan `git add --renormalize .`, umarnin da ya zo a Git 2.16, ka duba `git status`, ka yi commit ɗin da babu wani gyara a ciki sai wannan. Sa lambar commit ɗin a `.git-blame-ignore-revs`, ka nuna wa `blame.ignoreRevsFile` fayil ɗin, don kada `git blame`, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi daga ƙarshe, ya jingina maka duk layukan. Rassan da aka buɗe kafin gyaran kuwa, haɗe su da `git merge -X renormalize`, in ba haka ba kowane layi zai zama rikici.