Baba yana gane mu amma magana ta ƙi fita: tambayoyi kan ƙwaƙwalwa da laka

Wai ƙwaƙwalwa kaɗai ce ke tafiyar da jiki?

Ita da laka ne. Nauyin ƙwaƙwalwar baligi wajen kilo 1.4 ne kawai, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki. Laka kuwa ta taso daga ƙasan ƙoƙon kai ta bi ta cikin ƙashin baya, tsawonta wajen santimita 45, jijiyoyi 31 na fita daga kowane gefenta. Wani aikin ma ba ta jiran umarni daga sama. In hannunka ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce ke sa ka fizge shi, daga baya ka ji zafin.

Yaya tsarinta yake a ciki?

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan layya ya ga tsarin. Akwai babban ɓangare mai lanƙwashe-lanƙwashe, an tsaga shi biyu, dama da hagu. A bayansa akwai ƙarama mai siraran layuka, a ƙasa kuma wani kututture da ya sauka ya haɗe da laka. Tamu ma haka take, sai dai babban ɓangaren namu ya fi girma nesa ba kusa ba.

Kututturen ne ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. Ƙaramar ta wajen ƙeya tana daidaita tafiya da tsayuwa, shi ya sa mashayi ke tangaɗi. A babban ɓangaren, gefen kunne na kula da ji da tuna abubuwa, saman kai da taɓi, can baya kuma da gani. Mutum zai iya makancewa idonsa lafiya lau, in wurin nan na baya ya lalace. Goshi shi ne wurin shawara da kamun kai. A 1848 wani ƙarfe ya huda gaban ƙwaƙwalwar Phineas Gage, ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canja.

Hannun Baba na dama ya shanye, magana ta ƙi, amma yana gane mu. Ta yaya?

Jijiyoyin motsi suna gittawa a cikin kututture, don haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke motsa ɓarin dama na jiki. A wurin yawancin mutane kuma, magana a ɓarin hagun take, dab da wurin da ke motsa fuska da hannu. Ciwo ɗaya sai ya kwashi biyun. A 1861 Paul Broca, likita a Faransa, ya duba wani majinyaci da ba ya iya faɗin komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Da ya rasu aka duba, aka sami lahanin a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya nuna akasin haka: in lahanin ya koma baya kaɗan, magana na zuba amma ba kai ba gindi.

Saboda haka a daina zama a kan dattijo ana cewa "ai ba ya ji". Sau da yawa yana ji sarai, bakin ne ya ƙi. A gaishe shi, "Baba, ina kwana, ya jiki?", a jira ya amsa ko da ido ne.

To ba bugun iska ba ne?

A'a, ciwon shanyewar ɓarin jiki ne. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a kai, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Da an ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota. Daga Gangare ko Unguwar Rogo zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ba tafiyar da za a bari sai gobe ba ce. Hoton kai ne kaɗai ke raba toshewa da fashewa, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Addu'a a yi ta a hanya. Amma kada a ɗura wa majinyacin ruwa ko rubutu, domin haɗiya ma kan lalace, sai ya ƙware ruwan ya tafi huhu.

Me ya sa wani mai karayar baya ke motsa hannu, wani kuwa ko yatsa?

Inda lakar ta samu rauni, daga nan zuwa ƙasa saƙo ke yankewa. In a tsakiyar baya ne, ƙafafu za su mutu, fitsari da bayan gida su ƙi riƙuwa. In a wuya ne, har hannaye, in can sama ne har numfashi. Wanda aka tarar a kwance bayan haɗari a hanyar Bauchi, kada a ɗauke shi wani ya kama hannu wani ƙafa a cusa a Keke Napep. A riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora shi a kan katako mai faɗi.