Waiwaye: Fadamun tace ruwan birni da dalmar da ke kwance a lakarsu

Tun a shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai 'yar Jamus, Käthe Seidel, ta fara gwada ciyayin fadama don tace ƙazantaccen ruwa a cibiyar bincike ta Max Planck. A shekarar 1974 aka gina irin wannan fadama a garin Othfresen na Jamus bisa tsarin wani masani, Reinhold Kickuth, amma ruwan masai da na wanke-wanke ake kai mata. Ruwan sama da ke bin kwalta kuwa, ba a ɗauke shi abin damuwa ba.

Rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka na 1983 ne ya sauya wannan tunani. Bayan shekaru ana awo a birane, aka gano dalma da tagulla da zinki su ne suka fi yawan bayyana a cikin gubar da ke bin magudanan ruwa. Dalma daga hayaƙin fetur da tsohon fenti, tagulla daga goguwar birki, zinki daga taya da kwanon rufi. A 1987 majalisar ƙasar ta sa ruwan magudanai ƙarƙashin dokar tsaftar ruwa, birane suka shiga haƙa tafkuna suna dasa ciyayi, har da kachala, wadda ta addabi manoman Haɗeja da Nguru.

Fadamar tana aiki, ruwan da ke fita ya fi wanda ya shiga tsafta. Sai dai ƙarfe irin dalma da tagulla ba ya ruɓewa kamar kashi ko ganye. Yana manne wa ƙura ya nutse cikin laka, shekara bayan shekara. Idan fari ya busar da lakar, iska ta shige ta, ta yi tsami, ruwan farko na damina zai iya kwashe abin da aka ɓoye. Tsutsotsin laka su ci, kwaɗi da tsuntsaye su ci tsutsotsin. A nan ne nake ganin hukumomi suka fi gazawa: kuɗin gini na samuwa, na yasar laka da binne ta inda ya dace ne ke wuya.

Abin da ya rage gubar sosai shi ne toshe ta daga tushe. A 2010 jihohin Washinton da Kalifoniya na Amurka suka kafa dokar rage tagulla a birki. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Dalmar da ta riga ta zuba dai tana nan a ƙasar gefen tituna, ruwa na ci gaba da wanko ta.