Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a: ta gaske da ta ɓata suna

Da zarar zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato a Amurka, kullum sai ka ji an ce "ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta nuna wane ne kan gaba". Sunanta ne kawai ƙuri'a, babu akwati babu dangwale, kuma ba ita ce ƙuri'ar raba gardama ba. Kamfani ne ke zaɓo mutane kamar 1,000, ya kira su a waya ko ya tura musu tambayoyi ta intanet, daga amsarsu ya ƙiyasta inda sauran miliyoyin suka karkata. Kamar mai sayen hatsi ne da zai soka ƙarfe a buhu ya duba abin da ya zubo masa a tafin hannu. Da mutum 1,000, ƙiyasin kan kauce da kusan maki 3 sama ko ƙasa, don haka tazarar maki 2 ba abin buga ganga ba ce.

Inda aka soka ƙarfen ya fi yawan abin da aka ɗebo muhimmanci. A 1936 mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan 2, galibi daga masu tarho da masu mota, ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba mai ci Franklin Roosevelt. Jiha 2 kacal Landon ya ci.

Batun iyalin ɗan takara shi ya fi wuyar aunawa, don abin da mutum zai faɗa wa baƙo a waya daban, abin da zai yi shi kaɗai ranar zaɓe daban. Gary Hart na kan gaba a jam'iyyar Democrat a watan Mayun 1987 sa'ad da jaridar Miami Herald ta fallasa hulɗarsa da wata mace, bai cika mako ba ya janye. Bill Clinton kuwa irin wannan zargi ya taso masa a farkon 1992, ya kuma ci zaɓen.

Akwai kuma ta bogi, wadda ba ra'ayi take nema ba, ƙazafi take shukawa. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican a jihar Karolina ta Kudu a 2000, an riƙa kiran mutane ana tambayarsu ko za su zaɓi John McCain in suka san ya haifi 'ya baƙar fata ba ta hanyar aure ba. Yarinyar da ake nufi, matarsa ce ta ɗauko ta daga gidan marayu a Bangladesh suka riƙe ta. Dubi dabarar: ba a ce ya yi ba, tambaya ce kawai, amma magana zarar bunu ce. Mai binciken gaske zai faɗi sunan kamfaninsa, ya tambayi shekarunka da iliminka, ya ci maka minti goma ko fiye. Na bogi tambaya ɗaya ko biyu zai jefa ya kashe waya, amsarka ma ba ta dame shi ba.

Ɓangaren George W. Bush, abokin hamayyar McCain a zaɓen, ya ce ba shi da hannu a ciki. McCain, wanda bai fi mako uku da lashe zaɓen fid da gwani na jihar New Hampshire da babbar tazara ba, ya sha kaye a Karolina ta Kudu.