Wanke Daɓen Kankare na Mashigar Mota da Injin Matsin Ruwa

Wanke daɓen kankare da injin matsin ruwa hanya ce ta tsabtace filin da mota ke bi daga titi zuwa gareji ko harabar gida, inda inji ke tura ruwa ta wani ɗan ƙaramin rami da ƙarfin da ya ninka na famfon gida sau da dama, har ruwan ya ɓamɓaro dattin da ya shige cikin kankaren. Aikin ya fi yaɗuwa a unguwannin bayan gari na Amurka da Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashen Turai, inda mashigar mota take a buɗe tana fuskantar titi, kowa na ganin halin da take ciki. A wasu unguwannin Amurka ƙungiyar masu gidaje takan aika wa mai gida takardar gargaɗi idan mashigarsa ta yi baƙi, kuma masu sayar da gida sukan wanke ta kafin su ɗauki hoton talla.

Tarihi

Kankaren zamani ya samo asali ne daga simintin da Joseph Aspdin, wani magini ɗan birnin Leeds a Ingila, ya yi wa rajista a 1824, ya sa masa suna simintin Portland saboda kamanninsa da dutsen gini da ake fasowa a tsibirin Portland. An daɗe kafin a fara shimfiɗa shi domin abin hawa. A Amurka garin Bellefontaine na jihar Ohio ne ake ambata a matsayin wurin da aka fara daɓe titi da kankare: an gwada a wani ɗan yanki a 1891, sannan aka daɓe titunan da ke kewaye da kotun garin cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, kuma har yau akwai sauran wannan daɓen. Mashigar mota ta gida ba ta zama ruwan dare ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka gina dubban gidaje a bayan birane, mota ta zama abin da kusan kowane iyali ke da shi, gareji kuma ya dawo jikin gida ta gaba.

Shi injin, labarinsa ya fara ne a kan daɓen gareji. A yadda kamfanin da ya gaji ƙirar yake bayarwa, a 1926 wani ma'aikacin kamfanin tukwanen dafa ruwa a yammacin jihar Pennsylvania, Frank Ofeldt, yana ƙoƙarin haɗa wata na'urar tace barasa a garejinsa, a zamanin da doka ta hana sayar da giya a Amurka, sai ya lura cewa tururin da ke fita daga bututu yana bugun ƙasa yana tura giris ɗin da ya daskare a wurin. Ya gane cewa tururi zalla yana narkar da maiƙo amma ba ya kwashe shi, sai an haɗa shi da ruwa, wato abu mai nauyi da zai ɗauke dattin. Ya haɗa gwiwa da kamfanin Homestead Valve da ke Coraopolis, aka fara ƙera injin da sunan Jenny, a 1927 bisa yawancin ruwayoyi. Injinan wancan lokacin manya ne, na gareji da masana'antu, kuma zafi ne ke yin yawancin aikin, ba matsi ba.

A Turai sunan da ya yi fice shi ne na Alfred Kärcher, injiniyan Jamus da ya kafa kamfaninsa a 1935 a Bad Cannstatt da ke Stuttgart, daga baya ya koma garin Winnenden. Da farko kayan ɗumama na masana'antu yake ƙerawa. A 1950 ya fitar da DS 350, wanda ake ɗauka a matsayin injin wanki na ruwan zafi mai matsi na farko a Turai. Ya rasu a 1959, matarsa Irene ta ci gaba da jan ragamar kamfanin, kuma a 1974 aka mayar da hankali kacokan a kan injinan matsi, aka canza launin kayan daga shuɗi zuwa rawaya. Matakin da ya kawo injin hannun mai gida ya zo a 1984, da aka fitar da HD 555, ƙaramin inji mai lantarki da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Kamfanin ya ƙara suna da wanke manyan gine-ginen tarihi, ciki har da Ƙofar Brandenburg a Berlin a 1990 da fuskokin shugabannin Amurka da aka sassaƙa a Dutsen Rushmore a 2005. A Faransanci sunan kamfanin ya zama sunan injin kansa, ko wane ne ya ƙera shi.

Yadda injin ke aiki

Injin yana da na'urar juyawa mai lantarki ko mai fetur, da famfon tura ruwa mai fistin, da tiyo mai jure matsi, da bindiga mai kunama, da kan feshi wanda makanikai ke kira nozul. Famfon yana tura wani adadin ruwa ne a kowane minti, ƙanƙantar ramin kan feshi kuma ita ke sa matsin ya hau. Idan aka saki kunamar, wani bawul yana mayar da ruwan ya riƙa zagayawa cikin famfon, kuma a injin fetur wannan ruwan yana ɗaukar zafi da sauri, shi ya sa ba a barin injin yana aiki fiye da 'yan mintuna ba tare da ana feshi ba.

Ana auna matsi da PSI a Amurka, da bar a Turai. Bar ɗaya ya kai kusan PSI 14.5. Famfon gida yakan ba da bar 3 zuwa 4. Ƙananan injinan lantarki suna ba da kimanin PSI 1,300 zuwa 2,000 da ruwa lita 5 zuwa 8 a minti, na fetur kuwa PSI 2,500 zuwa 4,000 da ruwa lita 9 zuwa 15. Adadin da aka fi ambata domin kankare shi ne PSI 3,000, wato bar 200 da 'yan kai. Sai dai masu sana'ar sun fi damuwa da yawan ruwa fiye da matsi, domin matsi yana ɓamɓaro datti ne kawai, ruwa ne ke kore shi. Ƙaramin inji zai wanke mashiga, amma aikin awa ɗaya zai iya cin yini.

Kawunan feshi suna da launuka da ke nuna faɗin ruwan da ke fita: ja digiri sifili, rawaya digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na zuba sabulu ne da matsi kaɗan. Kore da rawaya ne na kankare. Jan yana tara dukkan ƙarfin a wuri ɗaya kamar tsinin ƙusa, yana iya zana layi a jikin daɓen da ba zai goge ba. Akwai kuma wani faifai mai murfi da ake ɗaurawa a bakin bindigar, a ƙarƙashinsa sanda mai kawunan feshi biyu tana juyawa, ana tura shi kamar injin yankan ciyawa. Shi ya fi dacewa da fili mai faɗi saboda tazararsa da ƙasa ba ta canzawa.

Halin kankare da ire-iren datti

Kankare haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa, kuma duk da taurinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ke tsotse mai da ruwa. Samansa akwai wata siririyar fata ta siminti da yashi mai laushi da ta taso lokacin da magini ya shafe shi. Wannan fatar ita ce abin da ya kamata mai wanki ya fi kiyayewa, domin idan ta tafi ba ta dawowa: tsakuwar ƙasa za ta bayyana, wurin ya yi kaushi, kuma daga nan ya fi saurin kama datti fiye da da. Alamar an fara cin ta a bayyane take. Ruwan da ke gangarowa yakan bar launin laka ya koma fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, mutum ya ji yashi yana ƙara a ƙarƙashin takalminsa.

A wurare masu laima, irin jihar Florida, abin da ke baƙanta daɓe shi ne gansakuka da funfuna, kuma tun da masu rai ne, ruwa kaɗai yana aske samansu ne, su sake tsirowa. Ana kashe su da bilic da aka tsarma da ruwa. Baƙin mai da ya ɗigo daga mota ya fi wuya. Idan sabo ne ana rufe shi da garin katako ko busasshen yashi ya tsotse, a share, sannan a zuba sinadarin narkar da maiƙo a goge da buroshi mai tauri. Idan ya tsufa ya nutse, ko ruwan zafi ba ya fitar da shi duka, sai dai inuwar ta dushe a hankali. Tsatsar da ƙarfe ko takin zamani ya bari ana cire ta da asid ɗin oksalik. Ba a haɗa bilic da asid, kuma ba a zuba ɗaya a kan ɗaya kafin a ɗauraye, domin haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Yadda ake aikin

Ana kwashe mota da tukwanen fure, a share ƙasa da ganye, a jiƙa shuke-shuken gefe da ruwa domin kada sinadari ya ƙone su. Ana haɗa tiyo a buɗe famfo, a danne kunamar har iskar da ke ciki ta fita kafin a tayar da injin, saboda famfon injin yana lalacewa da wuri idan ya yi aiki babu ruwa. Sai a zuba sabulu a bar shi ya jiƙa na minti biyar zuwa goma, ba tare da ya bushe ba; wannan ne ya sa ake son safiya ko yamma maimakon tsakar rana.

Ana gwadawa a wani lungu tukuna. Daga nan a fara daga wuri mafi tudu, yawanci bakin gareji, a riƙa gangarowa yadda ruwan datti ba zai koma kan inda aka wanke ba. Ana riƙe kan feshin kimanin santimita 30 daga ƙasa, hannu yana tafiya a hankali da sauri iri ɗaya, kowane layi yana hawa kan gefen wanda ya gabace shi. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne kaɗa bindigar hagu da dama kamar mai shara, wanda ke sa tsakiyar zagayen ya fi kusa da ƙasa fiye da gefensa. Ba a ganin illar sa'ad da daɓen yake jiƙe. Sai ya bushe zane-zane su fito, fari da duhu kamar jikin jakin dawa. Ana sassauta hannu a kan tsaga da mahaɗar daɓe, domin ruwan yana iya faɗaɗa tsagar ko ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi.

Bayan kwana ɗaya ko biyu da bushewa wasu sukan shafa maganin toshe ƙofofin kankare, musamman a ƙasashen da ruwa ke daskarewa, inda ƙanƙara da gishirin narkar da ita ke farfasa saman daɓe.

Haɗari

Ruwan yana iya huda fata ya tura datti cikin tsoka, kuma raunin yakan yi kama da ɗan ƙaramin ƙwarzane alhali ɓarnar tana ciki, don haka likitoci suna ɗaukarsa a matsayin rauni na gaggawa. Sau da yawa ƙafa ake samu, musamman wajen mai aiki da silifas ko mai son ɗauraye laka daga ƙafarsa da bindigar. Rufaffen takalmi da tabarau wajibi ne, saboda tsakuwa tana tashi. Injin fetur ba a tayar da shi cikin gareji, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da ke kisa ba tare da wari ba, kamar dai janareto a cikin ɗaki. Na lantarki kuwa yana buƙatar soket mai na'urar yanke wuta idan ta zuba, kuma ba a barin mahaɗar waya a cikin ruwa.

Ruwa da doka

Injin yana cin ruwa ƙasa da buɗaɗɗen tiyo a minti guda. A Amurka dokar tsabtar ruwa ta 1972 da dokokin birane sun hana sakin ruwa mai sinadari cikin magudanar ruwan sama, wadda ke zubawa rafi kai tsaye. A lokacin fari, hukumomi a Kalifoniya da Ingila sukan taƙaita wanke daɓe da ruwan famfo.

A ƙasar Hausa

An fi sanin injin a wuraren wankin mota na birane kamar Kano da Kaduna fiye da cikin gidaje. Harabar gida tana bayan get ne, kuma abin da ke ɓata ta shi ne ƙurar hunturu, da baƙin mai, da gansakukar damina a gindin katanga. Abu biyu ke bambanta aikin a nan. Ruwan tankin sama sau da yawa ba ya zuwa da ƙarfin da injin ke bukata, sai an samu wanda ke iya zuƙa daga duro. Daɓen kuma, idan an rage masa siminti wajen kwaɓi, ba ya jure matsin da ake ambata a sama. A harabar intalok kuwa ruwan yana kwashe yashin da ke tsakanin tubalan, dole a sake cikawa bayan an bushe, in ba haka ba su fara motsi a ƙarƙashin taya.

Saɓani

An yarda kada a taɓa sabon kankare da injin kafin kwana 28, lokacin da ake auna ƙarfinsa. Wasu magina suna cewa a jira shekara guda. Akwai masu ganin wanki sau ɗaya a shekara ya dace, akwai masu ganin yawan wankin yana tsufar da daɓe, su fi son sinadari da matsi kaɗan.