Hasashen raguwar ƙarfin huhu ga masu cutar sistik faibrosis

Sistik faibrosis cuta ce ta gado wadda ke sa majinar cikin hanyoyin numfashi ta yi kauri da danƙo, har ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a cikinta, huhu kuma ya riƙa lalacewa sannu a hankali. Tun da ciwon huhun ne ajalin mafi yawan masu cutar, likitoci sun daɗe suna neman hanyar gane wanda numfashinsa zai yi saurin raguwa tun kafin ɓarnar ta yi nisa.

Ma'auni

Babban abin da ake dubawa shi ne FEV1, wato yawan iskar da mutum zai iya fesowa da ƙarfi a daƙiƙar farko bayan ya cika ƙirjinsa. Akan matse wa majiyyaci hanci, ya kama bakin bututun na'ura da leɓɓansa, ya busa iya ƙarfinsa har iskar ta ƙare, a maimaita aƙalla sau uku. Sai a kwatanta sakamakon da na mai lafiya wanda suka yi daidai a shekaru da tsawo da jinsi, a rubuta shi a matsayin kashi cikin ɗari. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko shida ba su cika iya wannan gwajin ba.

Tarihi

Likita Dorothy Andersen ce ta fara bayyana cutar dalla-dalla a birnin New York a 1938, lokacin da yawancin yaran da aka haifa da ita ba sa wuce ƙuruciya. Likitan Faransa Robert Tiffeneau ya gabatar da awon iskar daƙiƙa ɗaya a wajejen 1947. Hasashe na sosai bai yiwu ba sai da aka fara tara bayanan majiyyata shekara da shekaru, kamar rajistar Amurka da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1960. A 1989 aka gano ƙwayar halittar CFTR, wadda sauyin da ke samunta ne ke haddasa cutar, an kuma yi fatan nau'in sauyin da ke cikinta zai nuna makomar huhu, amma aka tarar mutum biyu masu sauyi iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai.

Binciken da ya fi tasiri shi ne na likita Eitan Kerem da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada, wanda ya fito a 1992. Sun nuna cewa kusan rabin waɗanda FEV1 ɗinsu ya faɗi ƙasa da kashi 30 suna rasuwa cikin shekara biyu, kuma wannan adadi ya zama ma'aunin tura majiyyaci neman dashen huhu tsawon shekaru masu yawa. A 2001 likita Theodore Liou ya haɗa FEV1 da nauyin jiki, ciwon suga, nau'in ƙwayoyin cuta da yawan tashin ciwo (lokutan da ciwon huhun ke tsananta har a buƙaci jinya) domin ƙiyasta rayuwar shekara biyar. Rahoton asibitin Royal Brompton na Landan a 2011 ya nuna yadda ma'aunin kashi 30 ya tsufa: matsakaicin tsawon rayuwa bayan kaiwa wannan mataki ya tashi daga shekara 1.2 a farkon shekarun 1990 zuwa 5.3 a farkon shekarun 2000.

Abubuwan da ke hanzarta raguwa

Kafin zuwan sababbin magunguna, FEV1 kan ragu da maki ɗaya zuwa uku cikin ɗari a shekara, kuma faɗuwar ta fi tsanani a shekarun balaga. Abubuwan da aka fi dangantawa da ita sun haɗa da zaman ƙwayar Pseudomonas aeruginosa a huhu, kamuwa da ƙwayoyin cuta na dangin Burkholderia cepacia, rama, da ciwon sugan da cutar ke haifarwa. Likita Michael Konstan ya gano a 2007 cewa yaran da awonsu ya fi kyau suna cikin masu saurin faɗuwa, abin da ya sa bai kamata a saki jiki da yaro don sakamakonsa ya yi kyau ba. Tashin ciwo ma yana barin tabo, domin kusan ɗaya cikin huɗu ba sa komawa matakinsu na da bayan jinya.

Halin yanzu

Ana gwada hasashe da lissafin kwamfuta a kan rajistocin Birtaniya, Denmark da Amurka, da kuma gwajin LCI, mai auna yadda iska ke ratsa sassan huhu, wanda ke gano matsala a ƙananan yara. Haɗin magunguna uku na elexacaftor, tezacaftor da ivacaftor, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, ya ɗaga FEV1 da kusan maki 14, don haka tsofaffin ƙiyasi ba su dace da masu shan sa ba. Akwai saɓani kan sanya launin fata cikin lissafin awon, kuma bayanan majiyyatan Afirka kaɗan ne a cikin rajistocin da aka gina hasashen a kansu.